GIRGIZAR ƘASA DA 'YA'YANMU MASU KWANA A HOSTAL

 

An nemi in ce wani abu a kan girgizar ƙasa, na kuma ji wasu na cewa ina ruwanmu da ita, ai abin Japan ne. To, dattawan nan Sabo sun san ba haka ba ne. A 1984, ƙarshen Yuli da farkon Agusta, ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode, aka ji ta har nan Badun. Ranar 11 ga Satumba 2009 ta sake motsawa, mutanen Ikko ma sun ji. A 2018 sai ga ta a Mpape ta Abuja. Masana sun ce akwai wata doguwar tsaga a ƙarƙashin ƙasa, tun daga Ifewara kusa da Ife har Zungeru. Namu dai ƙanana ne, alhamdu lillahi, amma ta birnin Ankara, ta Gana nake nufi, a 1939 ta rushe gidaje ta kashe mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne hostal. Ɗakin mutum huɗu za ka tarar da takwas, gado bisa gado, taga duk an zuba mata ƙarfe saboda ɓarayi, matakalar bene guda ɗaya tak. A wasu hostal ɗin 'yan mata kuwa da dare ana garƙame ƙofa da kwaɗo. Jama'a, a irin wannan wuri ko ginin bai faɗi ba, turmutsitsi kaɗai ya isa ya yi kisa. Mutum guda ya yi ihu, ɗari su rugo kan matakala cikin duhu.

Saboda haka, 'ya'yana, in kun ji ƙasa na rawa kada ku ruga, kada wanda ya diro ta bene. Ku durƙusa, ku shige ƙarƙashin teburin karatu, ku riƙe ƙafarsa gam, ku kare kai da wuya. Wanda ke kwance ya kife, ya ɗora matashi a ƙeyarsa. Ku nisanci gilashi, kuma tun yau a sauke manyan akwatunan nan da kuke jibgewa saman kabad. In ta lafa, a kashe risho da gas, a sa takalmi, a ɗauki tocila, a sauka a hankali zuwa fili, nesa da katanga da wayar lantarki. Kada a yi gaggawar komawa ɗauko kaya, don takan maimaita. Ta Turkiyya, ranar 6 ga Fabrairu 2023, da asuba ta zo mutane na barci, bayan kamar awa tara wata babba ta biyo. Sama da mutum 50,000 suka rasu. Masu 'ya'ya a can, ku kula da wannan.

Mu kuma iyaye, ba wanda zai kama sito ya zuba goro ko buhunan wake bai duba bango da rufi ba. To yaya za mu biya kuɗin hostal ba mu taɓa leƙa shi ba? Ka je da ƙafarka. Ƙofar fita nawa ce? Wa ke riƙe da makulli da dare, a ina yake kwana? In ka ga tsagewa a ginshiƙi, a kai ƙara ga hukumar makaranta a rubuce, ƙungiyarmu kuma ta sa hannu, domin takardar jama'a ta fi ta mutum guda nauyi.

Allah ya tsare mana zuriya. Wassalamu alaikum.