Bindigar Mamaci: Ba A Gadon Lasisi

  

Maganarmu ta yau ta taso ne daga saƙon wata baiwar Allah a Farin Dutse, cikin ƙaramar hukumar Gwaram. Ta ce maigidanta maharbi ne, Allah Ya yi masa rasuwa, yanzu haka tana cikin takaba. Ya bar bindigar toka rataye a turaka, ga albarushi cikin gwangwani, ga yara ƙanana suna shiga suna fita. Ƙanen mijin ya ce a bar ta sai ranar rabon gado, wata maƙwabciya kuma ta ce a jefa ta masai a huta. Shi ne take tambaya, yaya za ta yi? Allah Ya jiƙansa, ke kuma Allah Ya ba ki haƙuri.

Wata za ta ce ina ruwan mace da zancen bindiga? Ai kuwa da ruwanmu. Maigida ya fita gona ko kasuwa, mu ne ke wuni da ita a gida, 'ya'yanmu ne ke wasa a gindinta. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Nijeriya tana da Dokar Bindigogi tun 1959, kuma ta kasa su gida uku. Na farko su ne irin na yaƙi, kamar AK-47, har da ƙaramar bindigar hannu da ake kira fistol. Waɗannan haramtattu ne, Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu, wanda aka kama da su kuwa ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Na biyu su ne na farauta ƙirar kamfani, irin mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne namu na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato bindigar toka ko harbi-ruga. Al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, mu nan Jigawa yana Dutse.

Ba kowa ake ba lasisi ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Kun ga ke nan mutum ake dubawa kafin a ba shi. Shi ya sa lasisi yake mutuwa tare da mai shi. Ana gadon gona, ana gadon shanu, amma ba a gadon lasisi.

To ga abin da ya shafi mai tambayarmu. Doka ta ce idan mai lasisi ya rasu, wanda kayan mamacin ke hannunsa zai iya riƙe bindigar kwana 14 kacal. Ku lissafa mana: mako ɗaya ne bayan sadakar bakwai. Takaba wata 4 ce da kwana 10, rabon gado kuwa wani sa'in sai a shekara ba a yi ba. Saboda haka shawarar ƙanen miji ba ta yi ba. Idan kuma marigayin dama ba shi da takarda, to gaggawar ta ma fi haka.

Shawarar maƙwabciya ma ba ta yi ba. Bindigar toka ba a gane ɗurarriya da ido, kuma albarushi yakan daɗe bai mutu ba. Kada a jefa ta masai ko rijiya, kada a sa ta wuta, kada a kai wa maƙeri ya sare, kada kuma a sayar wa wani a ɓoye. In gobe ta yi ɓarna a hannun ɓata-gari, sawunta gidanki zai dawo.

Ga abin yi. Ki kulle turakar, ki riƙe mabuɗin a jikinki, kada ke ko yaro ya taɓa kunamarta. Ki nemo takardar lasisin in akwai. Ba sai kin fita ba, ki aika wa wanki ko babban ɗanki ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su tafi tare su shaida wa Baturen 'yan sanda na Gwaram. Na Birnin Kudu su je ofishin garinsu. A bi yadda suka ce a miƙa ta, a kuma karɓo takardar shaida mai sa hannu, ki adana. Magajin da ke son ta sai ya nemi izini da sunansa, ya fara tambaya ko ana bayarwa, don a 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi.

Lalata makami aikin hukuma ne, kuma da tsarinsa. Sai an rubuta kowace bindiga a littafi, sannan a ƙona ko a yayyanka ƙarfen a gaban shaidu, yadda ba za ta ƙara gyaruwa ba. A 2021 gwamnati ta kafa cibiya ta musamman ta hana yaɗuwar ƙananan makamai, kuma a watan Oktoba na 2024 cibiyar ta lalata haramtattun makamai fiye da 2,400 a barikin soja na Giri, a Abuja. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun yi haka a Agadas a shekarar 2000, inda aka cinna wa bindigogi fiye da 1,000 wuta a bainar jama'a bayan sulhu da 'yan tawaye.

Ku kuma da mazanku ke raye, kada ku jira sai ta faru. A samu lokacin da maigida yake cikin nishaɗi, a tambaye shi cikin ladabi: “Malam, bindigar nan tana da takarda kuwa? Ina ka ajiye ta?” A roƙe shi ya riƙa ajiye ta ba ɗuri, albarushi daban, kowanne a kulle. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.