Ɗan Tsuntsu Ya Bar Sheƙa, Sai Gawa

Duk mai kiwon ƙananan tsuntsaye a keji ya san wannan baƙin ciki. Ɗan tsuntsu ya fito daga sheƙa jiya da gashinsa cif, yau da safe ka tarar da shi a ƙasa ya sandare.

Mu ɗauki finci mai zane-zane, wanda asalinsa daga Ostireliya yake. Yana barin sheƙa yana da kamar kwana 21, amma bai iya ɓare tsaba ba tukuna. Sai iyaye sun ƙara ciyar da shi na kusan mako 2. To nan gizo ke saƙa. Uwa ta sake yin ƙwai, uba ya shiga korar ɗan, ko mai keji ya yi gaggawar raba su. Yunwa ce ke kashe mafi yawansu, a ganina. Taɓa ƙirjin ɗan tsuntsun, za ka ji ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa.

Sai sanyi. Wanda ya kasa komawa sheƙa ya kwana a ƙasa, musamman da hunturu, da wuya ya ga safiya. Ɓera ko kyanwa su firgita shi cikin dare, ya bugi wayar keji. Kwanon ruwa mai zurfi ma yakan nutsar da shi. Ƙasa mai laima da kashi kuma tana kawo cutar hanji da zawo.

Don Allah kada ku raba ɗa da iyayensa sai kun gan shi da idonku yana cin tsaba da kansa.