WANDA MACIJI YA SARA: CIWON FIRGICI DA HANYAR NEMAN MAGANINSA

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya gabatar a babban taronmu a Kafanchan



Muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku, domin maganar da muka zo da ita yau ba a saba yin ta a bainar jama'a ba. Idan an ce kwamitin lafiya zai yi magana, abin da ake sa rai shi ne batun allurar rigakafi ko gidan sauro ko tsabtar rijiya. To, yau ciwon da za mu taɓo ba ya jini, ba ya kumburi, amma da wuya a sami gida a unguwanninmu da bai leƙa ba.

Ba sai mun ba ku labarin abin da kuka gani da idanunku ba. A watan Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta nan Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, sau biyu, a Fabrairu da kuma Mayu. A 1999 aka yi na naɗin sarautar Jama'a. Sannan a Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi wanda ya ci Zonkwa da Matsirga da kasuwarmu ta Kafanchan, wanda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa 12 cikin kwana uku. Wasu 'yan'uwanmu sun daɗe a sansanin alhazai na Kaduna kafin su sami inda za su sa haƙarƙarinsu. A ƙarshen 2016 ma an sake kafa mana dokar hana fita.

Duk lokacin da ƙura ta lafa, me muke yi? Mu binne matattu, mu ƙirga shagunan da suka ƙone, mu rubuta takarda ga kwamitin bincike, mu yi karo-karo a sayi kwano a rufe ɗaki. Duk wannan ya kamata. Amma akwai asarar da ba mu taɓa sa ta a lissafi ba.

Kowa a nan ya san dattijon da har yau ba ya barci sai da takalminsa kusa da kai da takardun gida a cikin jaka. Mun san uwar da in salansar babur ta yi ƙara sai jikinta ya ɗauki ɓari, ta hau ƙirga 'ya'yanta. Mun san wanda warin tayar da ake ƙonawa kan sa shi amai. Mun san mai shagon da ya daina bin wata hanya shekara da shekaru, ko da kuwa zagaye zai ci masa rabin sa'a. Mun san saurayin da yana ɗan shekara goma ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, yau ga shi ba ya iya runtsawa sai ya haɗiyi ƙwaya. Mukan ce wane ya cika faɗa, wance ta cika tsoro, yaron nan ya lalace. Hausawa kuwa tuni suka gano abin, da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

MENE NE WANNAN CIWO?

Masana suna kiransa ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, a takardun asibiti kuma za ku ga an rubuta PTSD. An daɗe da lura da shi a jikin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma sai a 1980 likitocin Amurka suka sa shi cikin jerin cututtukan da aka sani da suna, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Ba na soja ne kaɗai ba. Haɗarin mota, garkuwa da mutane, fyaɗe, gobara, haihuwa mai wuya, duk suna iya haifar da shi.

Yadda abin yake shi ne, Allah ya halicci ɗan'adam da wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa mai aikin gadi. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama, jiki ya shirya wa gudu ko kare kai. Wannan rahama ce, da ita da yawanmu muka tsira. Matsalar ita ce, ga wasu mutane maigadin nan ba ya samun labarin cewa an gama. Shekara goma ta wuce, shi yana nan a daren jiya.

Alamominsa manya guda uku ne. Na ɗaya, abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu, kamar yanzu yake faruwa. Na biyu, gudun duk abin da zai tuna masa, wuri ne ko mutum ko magana. Na uku, zama cikin ɗar-ɗar kullum, da saurin razana da ƙarancin barci. Sau da yawa saurin fushi da ganin laifin kai sukan biyo baya. A makonnin farko bayan masifa kusan kowa yakan ji haka, kuma mafi yawan mutane sukan warware da taimakon dangi da addu'a da lokaci. Idan abin ya wuce wata guda bai ragu ba, har yana hana sana'a ko zaman iyali, nan ne ake cewa a nemi masani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka sha rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Ku dubi sahun da kuke zaune ku ƙirga.

Kuma abin ba ya tsayawa a zuciya. Mutum zai yi ta zarya kemis da ciwon kai, da faɗuwar gaba, da zafin ƙirji, da ciwon ciki, a yi gwaji a ce ba a ga komai ba. Mai hawan jini ko ciwon suga da ba ya barci, kullum ransa a ɓace, da wuya magani ya zauna masa daidai. Haka nan wanda aka ce masa yana da ciwon da zai rayu da shi, kamar sikila ko ciwon ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki, shi ma yakan shiga damuwar da za ta sa ya yi watsi da magani. Sai dai mu ja kunne: duk mai ciwon ƙirji ko numfashi, likita zai fara gani a auna shi. Kada a ce tunani ne alhali zuciya ce.

WA AKE GANI?

Ma'aikata iri biyu ne, kuma mukan haɗa su. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda cikakken likita ne, shi ke rubuta magani. Akwai kuma masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, wanda za ku ji ma'aikata suna ce wa kilinikal saikolojis. Shi ba ya ba da ƙwaya ko allura. Ya yi digiri a ilimin halayyar ɗan'adam, ya ƙara digiri na biyu tare da horo a asibiti, aikinsa kuwa jinya ta hanyar zama da magana bisa tsari. Sau da yawa su biyun tare suke aiki.

Wani zai ce, magana kuma? Ai kullum muna yi a majalisa. To, da bambanci. A majalisa da ka fara sai a ce ka yi haƙuri, ya wuce. A can kuwa ku biyu ne a ɗaki, ƙofa a rufe, kusan sa'a guda, yawanci sau ɗaya a mako. Zaman farko tambayoyi ne: barcinka, cin abincinka, abin da ya faru, abin da kake sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka a faɗi gaskiya. Daga nan zai koya maka yadda za ka lafar da jikinka in firgicin ya taso. Sai kun yi wannan shiri sannan a hankali, da yardarka, za ku koma kan abin da ya faru, daki-daki, har ƙwaƙwalwa ta karɓi cewa wannan labarin jiya ne. Zai kuma taya ka warware irin tunanin nan na da na sani, da ban aike shi kasuwa ba ran nan, wanda ke cin mutane kamar gara. Akwai wata hanyar da ake kira EMDR, inda ake tuno abin ana bin motsin yatsa da ido. Akwai kuma wadda mutum ke jera tarihin rayuwarsa tun daga haihuwa, daɗi da wuya, wadda aka gwada ga 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda aka ga amfaninta. Ga wanda abu ɗaya ya same shi, zama takwas zuwa goma sha biyu kan wadatar. Wanda ya sha masifa a kai a kai, irin da yawanmu, yakan buƙaci fiye da haka. Kuma kada a yi mamaki in a makonnin farko abin ya ɗan motsa, gyambo ma in ana wanke shi da zafi.

ABUBUWA UKU DA KE HANA MU

Na farko, tsoron a ce mahaukaci. Gaskiya ne a da dokar ƙasar nan ma haka take kallon abin, domin dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulki, ita ke aiki har zuwa Janairu 2023 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci. Mai firgici da hankalinsa garau. Yana ciniki, yana limanci, yana koyarwa. Rauni ne ya ji.

Na biyu, cewa rashin tawakkali ne. Iyayenmu malamai suna nan, sun fi mu sani: Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki. Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malamin Musulunci, Abu Zaidin al-Balkhi, ya yi littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi da yadda ake jinyarsu da magana. A ƙasar nan ma Farfesa Adeoye Lambo, da ya kafa tsarin jinya na ƙauyen Aro a Abekuta a 1954, bai kori dangi da masu maganin gargajiya ba, tare ya yi aiki da su. Ba wanda ya ce a bar addu'a. Mai karaya yana addu'a, yana kuma zuwa wurin maɗori.

Na uku, tonon asiri. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Wannan shi ne amfanin ganawar sirri. Ƙa'idar aikin masanin ta hana shi fitar da maganarka, ko ga matarka ko mijinki, sai fa in ya ga rai na cikin haɗari. Mace tana da damar neman mace, ko ta je da wanda ta amince da shi ya jira ta a waje.

INA ZA A JE?

Ba za mu ɓoye muku ba, masanan nan kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu suna manyan birane. A fara da likita a babban asibitinmu na nan a nemi takardar turawa. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wanda ya fi kusa da mu. Akwai kuma masu zaman kansu a Kaduna da Jos da Abuja, sun fi tsada, amma babu dogon layi, wasunsu kuma sukan ci gaba da ganawa ta waya bayan zaman farko. Kafin ku biya ko kwabo ku yi tambaya huɗu: ina ya yi karatu da horo, ya taɓa jinyar masu firgici, zama nawa yake hasashe kuma nawa ne kowane zama, sannan yana jin Hausa? Duk wanda ya ce zama ɗaya zai warkar da ku, ku riƙe kuɗinku.

Ku guji sayen ƙwayar barci irin su baliyam ba da izinin likita ba. Tana kwantar da mutum yau, gobe ta kama shi, ciwon kuma yana nan. Haka taramol da kodin, wanda gwamnati ta hana yin maganin tari da shi tun 2018. Idan kuwa wani ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Daga ƙarshe, ga roƙonmu ga wannan taro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba da shawara a ware wani kaso daga asusun taimakon marasa lafiya don kuɗin mota da na ganin masani, a damƙa shi ga amintattu biyu, namiji da mace, ba tare da an karanta sunan kowa a taro ba. Muna roƙon limamanmu su taɓo batun a wa'azi. Kuma mu tuna maƙwabtanmu Bajju da Atyap da Fantswam da Kaninkon da sauransu, su ma akwai masu kwana ido biyu irin namu, asibiti ɗaya muke bin layi. Yaron da ya tashi a hannun uba mai firgici, tsoro yake sha tare da kunu, mai tsoro kuwa shi ne ya fi saurin ɗaukar jita-jita. Mun sake gina shaguna sau da yawa a garin nan, saura mu duba masu zama a cikinsu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.