Gawayi da Lantarki: Laccar da Aka Gabatar a Dandin Mahe



Duk yaron da ya taɓa fasa tsohon batirin tocila ya ga baƙin sanda a tsakiyarsa. Kabon ne. Shi ne gawayin murhu, shi ne bakin fensir, shi ne lu'ulu'u. Abin da ya raba su kawai shi ne yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a ciki. A kan wannan jeri zan yi magana.

Akwai batir mai shaƙar iska, irin na tutiya da ake sa wa na'urar taimakon ji. Aikinsa ya rataya ne a kan oksijin ya karɓi ilektaron, shi kuwa oksijin nawa gare shi, sai an zaburar da shi. Filatinam ne gwanin wannan zaburarwa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Shi ya sa masana suka koma ga kabon.

A 1991 Sumio Iijima na Japan ya bayyana siraran bututun kabon. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare girafin a Jami'ar Manchesta, wato shimfiɗar kabon mai kaurin zarra guda. Ku ɗauke ta kamar tabarma. Tsakiyarta mai santsi lantarki na gudu a kai ba tangarɗa, amma oksijin ba ya samun wurin kamawa. Aikin yana gefe, da inda saƙar ta yage, da inda baƙuwar zarra ta kutsa. A 2009 Liming Dai da abokan aikinsa a Amurka suka cusa naitirojin cikin bututun kabon, suka nuna yana zaburar da oksijin a ruwan alkali ba tare da filatinam ba. Naitirojin yana janye ilektaron daga kabon da ke maƙwabtaka da shi, nan oksijin ke sauka.

To amma kada a zarce. Yagewa ta yi yawa, lantarki ya rasa hanya. Haka ramukan da ke cikin kabon: waɗanda ba su kai nanomita 2 ba suna ƙara faɗin fili, sai dai ruwan batir da ƙyar yake shigarsu, na 2 zuwa 50 su ne mashiga. In tsarin ya ɓaci, oksijin ilektaron 2 zai karɓa maimakon 4, ya haifar da ferokzaid mai cin kabon ɗin kansa.

Ina ruwan mutanen Shagari da Bodinga da wannan? Karan gero, ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa duk ana mayar da su irin wannan kabon, in an gasa su babu iska a zafin da ya kai digiri 800 ko fiye. Ramin mai gawayi ba zai iya ba, domin ba ya riƙe zafi daidai. Ɗaliban da ke nan, Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da Cibiyar Binciken Makamashi a Sakkwato, tafiyar da ba ta da nisa daga nan. Mai sha'awa ya fara da riƙe kimiyyar sinadarai da kyau tun daga sakandare.