Kumburin Yara a Ƙasar Hatsi: Tamowar da Ake Kau da Kai a Kanta a Funtua da Malumfashi



A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar. Ta ce ta kula da yara kusan 70,000 masu tamowa, kusan 10,000 daga cikinsu sai da aka kwantar da su. Jaridu sun ɗauki waɗannan alƙaluma. Wanda ba su tsaya a kansa ba, kuma shi ne ya kawo ni nan, shi ne wannan: yaran da suka zo da kumburi sun ƙaru da kashi 208 cikin 100 idan aka gwada da watannin Janairu zuwa Yunin 2024.

Tamowa mai ramewa kowa ya san ta, ƙashi da fata, ba a musu. Mai kumburi ita ce mai yaudara. Ƙafa ta cika, kumatu su yi ɓul-ɓul, kaka ta ce yaro ya yi ƙiba, wata ta ce shawara ce a nemo saiwa. Sikeli ma ruɗuwa yake yi, domin ruwan da ke jiki nauyi gare shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke cewa duk yaron da aka danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa 3 gurbin yatsa ya zauna, tamowarsa mai tsanani ce, ko nawa sikeli ya nuna, ko da kaurin damtsensa ya haura milimita 115. Gwajin bai ci ko kwabo ba. A asibitin ƙauye nawa ake yin sa tsakanin Bakori da Kafur?

Za a ce mini waɗancan alƙaluma na arewacin jiha ne, na Jibiya da Mashi da cikin Katsina, inda cibiyoyin suke. Haka ne, kuma nan ƙorafina yake. Inda aka kafa cibiya nan ake ƙirge. An ɗauka shiyyar Funtua rumbun jiha ce, don haka ba ta da yunwa, alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 60 cikin 100 na yaran Katsina 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, lokacin da adadin ƙasa baki ɗaya yake kashi 37. Wannan bincike bai ware Funtua ba. Uwar da ke Dandume ko Sabuwa, kafin ta kai ɗanta Katsina, sai ta ci kusan kilomita 200 ko fiye, da kuɗin motar da ya ninka tun cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023.

Ku duba tarihin ciwon. Likita Cicely Williams ta fara bayyana shi a rubuce a 1933 a ƙasar da yau ake kira Gana, kuma a jikin yaran da aka yaye aka ɗora kan kunun masara ta gan shi. Masara ita ce abin alfaharinmu a nan. Muna noma waken suya da wake da gyaɗa, amma waɗannan na kasuwa ne: a loda su a tirela daga Funtua da Dandume su tafi kamfanonin abincin kaji, yaron gida kuma a bar shi da koko da safe, tuwon masara da miyar kuka da dare. Masana har yau suna muhawara kan ainihin abin da ke jawo kumburin, wasu ma sun zargi gubar hatsin da ya yi fumfuna a ajiya, amma babu mai cewa koko zalla zai riƙe ɗan yaye.

Batun tsaro ba sai na tsawaita ba. Kowa a zauren taron nan ya san harin da 'yan bindiga suka kai a masallacin Unguwar Mantau a watan Agustan 2025, ya kuma san gonakin Faskari da Kankara da aka bari. Gidan da ya sayar da akuyarsa don biyan fansa ya rabu da nonon da yaransa ke sha.

Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a Yulin 2023, ta janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a 2024. Farashin hatsi ya faɗi, taki bai faɗi ba, manomi ya ƙara talaucewa. Jami'ai kuma suna ta ƙirga buhunan da suka raba gaban kyamara. Buhun shinkafa ba ya sauke kumburi. Yaron da kumburinsa ya yi tsanani gadon asibiti yake buƙata, da madarar musamman da ake ba shi kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin idon ma'aikaci, kafin a kai ga abincin tamowa na gyaɗa.

Abin da nake nema daga Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Lafiya Matakin Farko ta jiha: a buɗe ɗakin kwantar da masu tamowa da zai riƙa aiki dare da rana a manyan asibitocin Funtua da Malumfashi, da kuɗinsa a cikin kasafin jiha ba a aljihun baƙi ba. A sa gwajin danna ƙafa cikin kowace ranar rigakafi, a koya wa ungozomomi. Sannan a riƙa fitar da adadin yara masu kumburi na kowace ƙaramar hukuma duk wata 3, a liƙa a bangon sakatariya inda kowa zai gani.