Rigar da Ba Ta da Igiya



Mun saba, in mutum ya sa kaki, sai mun dubi kafaɗarsa kafin mu san irin gaisuwar da za mu yi masa. To, bari mu waiwayi ƙungiyar matan Ingila ta WVS, wadda Lady Reading ta kafa a 1938, gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Matan nan ba sojoji ba ne. Sun taimaka wajen kwashe yara daga birane a 1939, suka kuma riƙa ciyar da waɗanda bama-bamai suka rushe wa gidaje, suna tufatar da su.

Kayansu kore ne, da hula da 'yar alama mai haruffan ƙungiyar. Kowace da kuɗinta take saye, marar hali kuwa alamar ta wadatar da ita. Babu igiya, babu tauraro, don haka matar basarake tana iya aiki a ƙarƙashin 'yar aikatau. Amfanin alamar shi ne wanda ya rasa gida cikin dare ya san wurin wa zai nufa.

Mu da za mu riƙe ofisoshin gwamnati gobe, sai mu tambayi kanmu: in talaka ya hango rigarmu, matsowa zai yi ko kaucewa?