MAKARANTAR KOLO, INDA AKE HORAR DA MALAMAN GONA

Hirar wannan wata. Malamin kwas ya karanta ma ƴan kwas, sannan a tattauna.



Kowane manomi ya san malamin gona. Kowane makiyayi ya san malamin dabbobi mai zuwa yin lamba. Masu saran icce kuma sun san malamin daji. Amma mutane da yawa ba su san inda waɗannan ma'aikata suka koyo aikinsu ba. Waɗansu suna tsammanin ɗiyan manyan birni ne. Ba haka ba ne. Da yawansu ɗiyan talakawa ne, sun tashi da hauya da kwashe kamar kowa. Makaranta ce ta ƙara musu sani. Wannan makaranta tana garin Kolo. Da Faransanci ana taƙaita sunanta IPDR. Ma'anar sunan shi ne: makarantar koyon aikin raya karkara a aikace.

INA NE KOLO?

Kolo gari ne na jihar Tilaberi. Yana bakin kogin Isa, wajen kilometir 30 daga Yamai, idan an bi ruwa an gangara. Yawancin mutanen garin Zabarmawa ne. Wurin ya dace da makarantar noma, don akwai jigawa ta hatsi da wake, akwai fadama ta shinkafa da garka. Ɗalibi yana iya ganin noman damana da noman rani wuri guda.

TARIHIN MAKARANTAR

An kafa ta a shekarar 1933, zamanin mulkin Turawan Faransa. Lokacin nan ƙaramar makaranta ce ta koyon aikin gona. Da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, sai aka ga ƙasa tana buƙatar ɗiyanta su riƙe aikin karkara da kansu. Makarantar ta ci gaba da girma, har ta samu sunan da take da shi yanzu.

Daga nan sai ga babban fari na 1973 da 1974. Hatsi ya ƙone, bisashe suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Tsofaffi ba su manta ba. Wannan masifa ta nuna ma magabata cewa ma'aikatan karkara sun yi kaɗan ƙwarai. Saboda haka, ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980, aka faɗaɗa makarantar da taimakon Amurka da Bankin Duniya. Aka ƙara gine-gine, aka ƙara yawan ɗalibai.

A 1975 kuma aka kafa INRAN, ma'aikatar binciken aikin gona. Tana da gonar gwaji a Kolo, tana da wata babba a Tarna, kusa da Maraɗi. Akwai ma wani irin hatsi da ya ɗauki sunan garin, ana ce mishi P3 Kolo. Ke nan masu bincike da masu koyo maƙwabtan juna ne.

ME AKE KOYO?

Karatun ya kasu fanni biyar.

Na ɗaya, NOMA. Ana koyon sanin ƙasa, da zaɓen iri, da sa taki, da yaƙi da fara da tsutsa da jan baki. Ana koyon iri masu saurin nuna, kamar hatsi HKP da wake TN5-78.

Na biyu, KIWO. Ana koyon lafiyar bisashe, da yin lamba, da tanadin ciyawa da harawa, da kiwon turka, da kiwon kaji. Kowa ya tambayi dattawan Filani labarin bushiya, cutar da take share garke cikin ƴan kwanaki. Ma'aikatan dabbobi sun yi shekaru suna bin rijiyoyi da mashekari suna yin lamba. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare duniya baki ɗaya.

Na uku, DAJI DA RUWA. Ana koyon renon itatuwa da dashensu, da tsare tudun rairayi, da raya fako ta hanyar tassa da rabin wata, da kiwon kifi. Mutanen Buza sun ga amfanin wannan aiki cikin kwarin Majiya, inda aka fara dasa layukan bedi a 1975 don kare gonaki daga iska. Mutanen Maraɗi sun gani ga sassaben zamani: a bar toho mai ƙarfi ga kututture, a kakkaɓe sauran, ya zama icce.

Na huɗu, GINE-GINEN KARKARA. Ana koyon awon fili, da ginin rijiya, da madatsar ruwa, da magudanar ban ruwa. Irin wannan sani ne ake aiki da shi a gandun noman rani na Konni da na Jiratawa.

Na biyar, TATTALIN ARZIKIN KARKARA. Ana koyon kafa ƙungiyar manoma, da riƙon littafin kuɗi, da tafiyar da bankin cimaka, da yadda ake zama da mutane a ji damuwarsu.

Da Faransanci ake karatun. Amma wanda ya fito, da Hausa ko Zabarmanci ko Fillanci ko Barbarci ko Buzanci zai yi aiki da jama'a.

ME AKE DA SHI CIKIN MAKARANTAR?

Akwai ɗakunan karatu, da ɗakunan kwana, da ɗakin littattafai. Akwai gonaki, da garka, da wurin renon itatuwa, da wurin kiwon bisashe. Ba zama bisa benci kaɗai ake yi ba. Ɗalibi yana shiga gona da kansa. Shi ke shuka, shi ke noma, shi ke ban ruwa, shi ke kama akuya ya duba bakinta. Gani ya kori ji. Kafin ya samu takardar ƙarshe, sai an tura shi karkara ya yi sitaj, wato ya zauna da manoma ya gwada abin da ya koya.

WA KE IYA SHIGA?

Ɗan kowa, namiji ko mace, daga kowace jiha. Amma akwai hanya. Yaro ya yi shekara 6 a lakwal ta firamare. Ya yi shekara 4 a kolej. Ya samu takardar birbe. Sannan ya yi jarrabawar shiga, wadda ake ce ma kwankur. Wanda ya samu bak yana iya shiga mataki na sama. Ma'aikatan da suka daɗe bakin aiki su ma suna komawa ƙaro ilimi.

Nan ne maganar ta shafi uwaye. Shekara 6 da shekara 4, shekara 10 ke nan. Yara da yawa na karkara ba su kai ƙarshe. Damana ta faɗi, a fidda yaro ya je gona. Rani ya yi, a tura shi bida. Ɗiya mace ta kai aji biyar, a yi mata arme. Wani uba yana cewa: ɗan lakwal ba ya komowa gona. Gaskiya ne an ga waɗansu sun raina hauya. Gaskiya ne kuma tura yaro kolej wani gari yana da wuya, sai an samu mai riƙo, sai an kai hatsi. Kuma takarda ba ta tilasta ma gwamnati ta ɗauki kowa aiki. Amma wanda ya fito Kolo yana da sana'a ga hannu. Yana iya aiki da gwamnati, ko da ƙungiya, ko da furoje. Yana iya kuma riƙe garkarsa da turkarsa, ya fi ƙarfin cikinsa.

Zancen ɗiya mata ya fi ƙarfi. Mata ne ke kiwon awaki da kaji. Su ne ke da gamana. Su ne ke sarrafa gujiya. A gari da yawa, baƙo namiji ba ya shiga cikin gida. Malamar gona tana shiga har bakin murhu. Idan ba a bar ɗiya mata sun yi karatu ba, wa zai kai ma uwayensu wannan sani?

RABON ƊAN KWAS

Babba ba zai koma aji ɗaya ba, balle ya je Kolo. Amma yana da rabonsa. Malamin gona ɗaya ne, garuruwansa da yawa. Ya zo yau, sai wani wata. Abin da ya faɗi, wanda ya rubuta shi ke riƙe shi.

Ga misali. Malamin gona ya ce a sa taki 15-15-15, giram 6 ga kowane rami lokacin shuka. Idan tsakanin rami da rami metir 1 ne ta kowane gefe, eka guda ta metir 100 bisa 100 tana da rami 10.000. Giram 6 sau 10.000, kilo 60 ke nan. Buhu guda kilo 50 ne. Ke nan buhu guda da kilo 10 sun isa. Wanda ya iya wannan lissafi ba ya sayen abin da ya wuce buƙatarsa. Ba ya kuma cika ma shuka taki ta ƙone. Yana iya karanta takardar maganin ƙwari kafin ya fesa ma wake. Yana iya duba littafin ƙungiya ya ga ko an rubuta kuɗinsa daidai.

An fara yaƙi da jahilci a Nijar tun 1963 don wannan dalili. Malamin da ya fito Kolo da manomin da ya fito kwas, hannun dama da na hagu ne.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Wane ma'aikacin karkara ne ya zo garin nan bana? Me ya ce? Wa ya rubuta?

2. Yara nawa na garin nan suke kolej? Nawa ne mata?

3. Me ke sa a fidda yaro daga lakwal? Me gari zai iya yi a kai?

Mai son ƙarin bayani ya tambayi malamin gona na karkararsa, ko daraktan kolej mafi kusa. Su ke jin sanarwar ranar kwankur.

Allah ya ba da damana mai albarka.